Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwar Yesu da Kai Bishara Ga Mutanen da Ba Namu Ba

Duk yammacin Laraba muna taruwa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'armu da ke Jos. Da zarar lokacin tara baiko domin masu bisharar ƙauyuka ya zagayo, sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta dawowa. Wasu daga bakin matasa suke fitowa, wasu daga iyayenmu 'yan Zumuntar Mata, wasu kuma maƙwabtanmu Musulmi ne suka yi wa ɗan aji a kasuwa ko a wurin aiki, ya rasa ta cewa ya kawo mini. Ga su nan tare da amsoshin da nakan bayar.

Malam, Yesu ya rayu da gaske? A ina, kuma yaushe?

Ya rayu, kuma masana tarihi, masu bi da marasa bi, kusan bakinsu ɗaya a kan wannan. An haife shi a Baitalami ta Yahudiya a ƙarshen sarautar Hirudus Babba, wanda ya mutu wajen shekara 4 kafin lissafin miladiyya. Matasa kan yi mamaki a nan, su ce yaya za a haifi Yesu kafin miladiyya? Dalilin shi ne, wanda ya tsara lissafin ya yi aikinsa ne fiye da shekara 500 bayan haihuwar, ya kuwa kuskure 'yan shekaru.

Ya tashi a Nazarat, wani ƙaramin ƙauye a Galili, yana sana'ar sassaƙa. Luka ya ce yana da wajen shekara talatin ya fara hidimarsa. Yohanna Mai Baftisma ya yi masa baftisma a Kogin Urdun, sai Yesu ya koma ya zauna a Kafarnahum, garin masunta a bakin Tekun Galili, ya yi wajen shekara uku yana koyarwa, yana warkar da marasa lafiya. An gicciye shi a Urushalima lokacin Idin Ƙetarewa, a hannun Bilatus, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Tasitus, marubucin tarihin Romawa wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta cewa an kashe Kristi a zamanin sarki Tibariyas, a hannun Bilatus. A 1961 kuma masu tono kayan tarihi suka sami wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus da muƙaminsa.

Me ya sa littattafan Bishara huɗu ne? Ɗaya bai isa ba?

Saboda masu sauraro ba iri ɗaya ba ne. Matiyu ya rubuta wa mutanen da suka tashi da Attaura da annabawa, shi ya sa ya fara da asalin Yesu daga Ibrahim, yana yawan cewa wannan ya faru ne domin a cika abin da annabi ya faɗa. Luka likita ne, ya rubuta wa wani mutum mai suna Tiyofilas, ya kuma ja asalin Yesu har zuwa Adamu, kakan kowa. Markus ya fi su gajarta, sura 16 kawai, amma dubi yadda yake tsayawa a sura ta 7 ya bayyana al'adar wanke hannu ta Yahudawa. Ba a yi wa ɗan gari bayanin al'adar garinsu, don haka mun san baƙi yake rubuta wa.

Akwai wani abu a nan da nake so kowane ɗan aji ya riƙe. Harshen da Yesu ya yi magana da shi yau da kullum Aramiyanci ne. Markus ya bar mana 'yan kalmomi yadda suka fito daga bakinsa: "Talita kumi" ga yarinyar da ya tayar, "Iffata" ga kurma, "Abba" cikin addu'arsa a Getsamani. Amma dukan Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, harshen kasuwa da tafiye-tafiye na wancan zamani. Wato tun a hannun manzanni kansu maganar Yesu fassararriya ce. Ba mu da wani harshe guda da za a ce sai da shi Allah yake jin addu'a. Wanda ya karanta Luka da Hausa ko da Berom ko da Tarok, Luka ya karanta.

Yesu za mu ce ko Isa? Kristi ko Almasihu?

Sunansa a bakin mahaifiyarsa Yeshuwa ne, ma'anarsa Ubangiji yana ceto. Ya bi ta Helenanci ya iso mana a matsayin Yesu. Isa shi ne sunan da ke cikin Alƙur'ani, shi ne kuma wanda Bahaushe Musulmi ya sani. Kristi kalmar Helenanci ce, Almasihu kuma ta biyo ta Larabci daga Ibrananci, dukansu ma'anarsu ɗaya: wanda aka shafe, aka keɓe domin sarauta. Tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa ya saba da Kristi da Matta da Yohanna, juyin da ya biyo baya kuma ya ce Almasihu da Matiyu da Yahaya. Shi ya sa za ka ji tsofaffinmu na faɗin ɗaya, matasa na faɗin ɗaya.

Ni idan ina zance da abokina Musulmi nakan ce Isa Almasihu, don ya san wanda nake nufi. Daga nan sai mu shiga ainihin maganar, wato wane ne shi.

Yesu da bakinsa ya ce an aiko shi ne ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila. To ina ruwansa da sauran al'ummai?

Ya faɗa, a Matiyu 15:24, kuma ba ma ɓoye ayar. Hidimarsa ta shekara uku galibi cikin Yahudawa ya yi ta, domin su ne aka yi wa alkawari tun daga Ibrahim. Amma karanta alkawarin da kansa a Farawa sura 12: ta wurin Ibrahim dukan kabilun duniya za su sami albarka. An fara da gida ɗaya ne domin a kai ga sauran gidaje.

Bi rayuwarsa daga farko ka gani. Cikin kakanninsa Matiyu ya ambaci Rahab, mutuniyar Yariko, da Rut, mutuniyar Mowab, alhali ba a saba sa mata cikin jerin asali ba, balle baƙi. Waɗanda suka zo daga gabas da kyautai yana jariri ba Yahudawa ba ne. Da Hirudus ya nemi ransa, Masar aka gudu da shi, wato ƙasar Afirka ce ta ɓoye shi yana ɗan gudun hijira. Duk wanda ya taɓa kwana a ajin makarantar firamare saboda an ƙone ƙauyensu ya san abin da wannan yake nufi.

Wa'azinsa na farko a Nazarat kuwa, da farko mutanen garin sun yi ta yaba masa. Sai ya tuna musu cewa a zamanin Iliya gwauruwar Zarefat ce aka taimaka, a zamanin Elisha kuma Na'aman mutumin Suriya ne aka warkar. Nan take suka fusata, suka ja shi bakin dutse za su jefa shi. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne jin cewa alherin Allah ya wuce iyakar ƙabilarsu. Ya warkar da bawan jarumin sojan Roma, sojan mulkin mallaka ke nan, ya ce bai ga bangaskiya irin tasa a Isra'ila ba. Ya haye teku zuwa ƙasar Garasinawa inda ake kiwon aladu. Cikin kutare goma da ya warkar, wanda ya dawo godiya Basamariye ne. Da ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, ayar Ishaya ya ja, cewa gidan nan gidan addu'a ne domin dukan al'ummai.

Ita kanta matar da aka gaya wa maganar tumakin Isra'ila, Bakan'aniya ce daga yankin Taya da Sidon. Amsar farko da ya ba ta mai nauyi ce, maganar gurasar 'ya'ya da karnuka. Ba ta ja da baya ba. Ta ce ai karnuka ma suna cin ɓarɓashin da ya faɗo daga teburin maigida. Ya yaba bangaskiyarta a gaban almajiran da suka ce a sallame ta, ya kuma warkar da 'yarta.

Akwai wurin da za mu ga yadda Yesu da kansa ya tunkari mutumin wata al'ada?

Yohanna sura 4. Da za a bar ni, da kowane mai shirin fita aikin bishara sai ya haddace ta.

Tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai gaba ta ɗaruruwan shekaru. Suna da dutsensu na sujada, Gerizim, Yahudawa suna da Urushalima. Ba sa shan ruwa a ƙwarya ɗaya. Yesu ya bi ta ƙasarsu, ya gaji, ya zauna a bakin rijiya da tsakar rana. Mace ta zo ɗiban ruwa. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa roƙo ce: ba ni ruwa in sha. Shi da ya zo da ruwan rai, shi ne ya fara miƙa hannu yana nema. Ba shi da guga, ita ke da guga. Ya bar ta ta zama mai bayarwa kafin ya ce mata komai game da kyautar Allah.

Da zance ya kai ga rayuwarta, bai tozarta ta ba, bai kuma ɓoye gaskiya ba. Da ta kawo gardamar dutse da Haikali, ya amsa mata kai tsaye, har ya ce ceto daga Yahudawa yake, amma bai tsaya nan ba, ya kai ta ga sujada cikin Ruhu da gaskiya. Sai abin da mutane da yawa suke tsallakewa: mutanen garin suka roƙe shi ya zauna, ya kwana biyu a wurinsu. Kwana biyu, ai ya ci tuwonsu, ya kwanta a tabarmarsu. Kuma wadda ta fara shelarsa a garin ita ce 'yar garin, da harshen garin.

Wannan shi ne abin da Yohanna 1:14 yake nufi da cewa Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ya yi wajen shekara talatin yana ɗan gari a Nazarat kafin ya yi wa'azi ko ɗaya. Da ya ce wa almajiransa, "Kamar yadda Uba ya aiko ni, haka ni ma nake aikenku," irin wannan aiken yake nufi.

Maƙwabcina ya ce muna cewa Allah ya haifi ɗa, kuma ba a gicciye Annabi Isa ba. Me zan ce masa?

Fara da share rashin fahimta. Babu Kiristan da ya gaskata cewa Allah ya yi aure ya haihu. Wannan saɓo ne a wurinmu kamar yadda yake saɓo a wurinsa. Mu da shi duka mun yarda budurwa Maryamu ce ta haife shi ba tare da namiji ba. Idan muka ce Ɗan Allah, muna nufin shi ne Kalmar Allah ta har abada, wadda take tare da Allah tun fil'azal, ta ɗauki jiki. Allah ɗaya muke bauta wa.

Amma kada ka nuna masa kamar bambancin na kalmomi ne kawai, don ba haka ba ne. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Mu kuwa gicciye da tashin matattu su ne ginshiƙin bangaskiyarmu. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa, wajen shekara 25 bayan abin ya faru, cewa Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Bitrus da sha biyun da 'yan'uwa fiye da 500, yawancinsu kuma suna da rai lokacin da yake rubutun. Ya ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce. Faɗa masa wannan a fili, ka saurari nasa har ya gama. Bitrus ya ce mu ba da amsa da tawali'u da ladabi. Kada ka taɓa zagin abin da yake girmamawa. Ban taɓa ganin wanda zagi ya kawo wurin Yesu ba.

A ina aka umarce mu mu fita?

Matiyu 28:18-20: ku je ku almajirtar da dukan al'ummai, kuna yi musu baftisma, kuna koya musu. Sai Ayyukan Manzanni 1:8, inda ya jera Urushalima, Yahudiya, Samariya, har iyakar duniya. Lura da Samariya a tsakiyar jerin. Ba ta da nisa, tafiyar kwana biyu ko uku ce a ƙafa. Maƙwabtan da ba a shiri da su ne.

Ba addinin Bature ba ne wannan?

Wanda ya ɗauki gicciyen Yesu a hanyar Golgota, Saminu, mutumin Kurane ne, a ƙasar Libiya ta yau. Ma'ajin sarauniyar Habasha ya karɓi baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, tun kafin Bulus ya taka Turai. Sarki Ezana na Aksum ya zama Kirista a ƙarni na huɗu, kuma ikilisiyar Habasha da ta Kibɗawan Masar suna nan har yau. Agustin, wanda Turawa suke karatunsa har gobe, bishop ne na Hippo a Aljeriya ta yau. Turawa karɓa suka yi kamar yadda muka karɓa.

Gaskiya ne dai cewa zuwa ƙasarmu ta hannunsu ta fi biyowa, a zamanin da 'yan'uwansu suke kafa mulkin mallaka, kuma wasunsu sun zo da raina baƙar fata. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga jirgin bayi ya zama bishop a 1864, ya ɗanɗani wannan raini a ƙarshen rayuwarsa daga hannun wasu matasan Turawan mishan. Ba ma wanke wannan. Darasi ne gare mu, domin mu ma yanzu muna zuwa ƙauyuka da takardun shaida da tufafin birni, kuma zuciyar mutum ɗaya ce.

Yaya bishara ta iso Arewa da Filato?

A Disamban 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma, ya sake gwadawa, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Wannan ita ce ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ta haifi ikilisiyar ECWA a 1954, kuma hedikwatar ECWA tana nan Jos. A 1904 Karl Kumm da abokansa na ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) suka sauka a Wase, aikin ya bazu zuwa Langtang da sauran wurare, aka buɗe cibiyar horarwa a Gindiri a 1934. Ikilisiyar COCIN daga wannan reshe ta fito. Ta ɓangaren Angilikan, Dokta Walter Miller ya isa Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, sarki ya sallame su, daga baya ya zauna a Zariya, aikin kuma ya koma Wusasa. 'Yan'uwanmu na EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga Garkida suka fara a 1923.

Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, shi ya sa ƙarfin aikin ya karkata zuwa ƙabilun tsakiyar ƙasa. Amma kada jerin sunayen Turawa ya rufe mana ido. Bature yakan zauna a tasha. Waɗanda suka hau duwatsu suka ratsa rafuffuka su ne masu bishara 'yan ƙasa, manoma masu ɗan karatun Hausa, da matansu, suna noma da safe suna koyar da karatu da yamma. Tun ƙarshen shekarun 1940 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka fara aika nasu 'yan mishan da kuɗinsu, ƙungiyar da yau ake kira EMS, wadda Rabaran Panya Baba ya jagoranta shekaru da dama. A shekarun 1960 ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa ta sa talakawan ikilisiya fita gida gida. Ƙungiyar mishan ta CAPRO kuma a Zariya ta fara a 1975, daga matasa 'yan makaranta.

Mu ba Hausawa ba ne, me ya sa muke sujada da Hausa?

Wata Mama 'yar Zumunta ce ta yi mini wannan tambaya, na kuwa daɗe ina juya ta. Filato tana da harsuna fiye da arba'in. 'Yan mishan sun tarar Hausa ce ke haɗa mutane a kasuwa da filayen haƙar kuza, sai suka kama ta. Aikin rubuta Hausa da boko ya riga su: Schön, wani ɗan mishan Bajamushe, ya yi ƙamus da nahawu tun ƙarni na 19 da taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe da aka kai Ingila. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Da shi da littafin waƙoƙi, Bangas da Batarok da mutumin Kagoro suka iya zama benci ɗaya. Ko sunan TEKAN, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, da Hausa yake.

Alheri ne, amma da tsadarsa. Na gaya wa Mama cewa akwai tsofaffin da suka yi shekara hamsin suna cewa amin ga addu'ar da rabinta kawai suke ji, akwai kuma jikokin da ba su iya gaisuwa da harshen kakanninsu ba. Ranar Fentikos, a Ayyukan Manzanni sura 2, kowa da harshen garinsu ya ji maganar Allah. Shi ya sa aikin masu fassara, irin su NBTT, ƙungiyar fassara Littafi Mai Tsarki da ke nan Jos, aikin mishan ne sosai. Wani abin da ya fi damuna kuma: muna waƙa da Hausa, muna addu'a da Hausa, amma da yawanmu ba mu taɓa zama a zauren Bahaushe ko rugar Bafulatani mun sha ruwa ba. Harshen yana bakinmu, masu harshen kuwa mun yi nisa da su.

Wanda ya karɓi Yesu dole ya bar al'adarsa, ya canja suna da tufafi?

Ikilisiyar farko ta yi wannan muhawara ta gama. A Ayyukan Manzanni sura 15, wajen shekara ta 49, wasu suka ce sai Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun yi kaciya sun bi dokokin Musa kafin su sami ceto. Manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, suka yanke cewa kada a ɗora musu wannan kaya, sai dai su guji gumaka da fasikanci da jini da abin da aka maƙure. Kafin nan sai da Allah ya nuna wa Bitrus wahayi har sau uku kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyus, wani jarumin sojan Roma. Mai aika saƙon ma sai da aka gyara shi.

Don haka Bamaguje ko Bahaushe da ya bi Yesu, babbar rigarsa da hularsa suna nan, sunansa Audu ko Tanko yana nan, kunyar surukai tana nan, durƙusa wa iyaye yana nan. Bafulatani ba sai ya sayar da shanu ya koma gari ba. Idan ba ya cin naman alade ko na kare, kada wani ya mai da wannan jarrabawar bangaskiya, kada ma a ajiye shi a gabansa. Abin da zai bari shi ne abin da kowa zai bari: tsafi, laya, ƙarya, zalunci, ƙin ɗan'uwa. Game da bukukuwa irin su Nzem Berom ko Pusdung, shawarata ita ce a bar masu bi 'yan ƙabilar su zauna da Littafi a hannu su tace, domin su ne suka san wace rawa ce ta murnar girbi, wacce ce kuma take da yanka a bayanta. Baƙo yakan haramta abin da bai gane ba.

Bayan abin da muka gani a garin nan, yaya za a ce mu ƙaunaci maƙwabtanmu Musulmi?

Wannan ce tambayar da ake yi da murya ƙasa ƙasa, wani lokaci da hawaye, kuma ba na gaggawar amsa ta. Rikice-rikicen Jos na Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010, da hare-haren ƙauyukan Barkin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu: a ajinmu akwai gwauraye da marayun waɗannan ranaku. Garin ya rabu. Wanda ya tashi a Tudun Wada ko Anguwan Rukuba yana iya girma bai taɓa shiga Gangare ko Anguwan Rogo ba, haka ma ta can ɓangaren, inda su ma suke da nasu gwauraye da marayu.

Neman adalci ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma lokacin da za a yi masa bulala ba shari'a. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, da na canja shi, da na yaɗa shi. Mu nemi gwamnati ta kare rayuka, ta hukunta masu kisa. Amma ramuwa a kan wanda bai yi maka komai ba, don kawai harshensa ko addininsa ɗaya da wanda ya yi, wannan Yesu ya rufe ƙofarsa. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsa, Yakubu da Yohanna suka nemi izinin kiran wuta daga sama. Ya juya ya tsawata musu. Shi wannan Yohanna ne daga baya aka aika Samariya ya ɗora wa mutanenta hannu. A kan gicciye kuma Yesu ya roƙa wa masu kashe shi gafara, suna tsaye a gabansa.

Muna da wani maƙwabci, dattijo, da muka zauna layi ɗaya tun ina yaro. Bayan 2001 ya kwashe iyalinsa ya koma wata unguwa. Da na ji matarsa ta rasu, na yi kwana biyu ina jayayya da zuciyata kafin na hau keke na tafi ta'aziyya. Na cire takalmi na zauna a tabarma, na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya daɗe yana riƙe da hannuna, sai ya tambayi mahaifiyata da sunan ɗanta na fari, kamar yadda ya saba kiranta. Ban yi wa'azi ranar ba, ba kuma don in sami hanyar wa'azi na je ba. Zumunta a ƙafa take, ni kuma na bar tawa ta yi shekaru a zaune.

Asibiti da rijiya da makaranta, ba sayen mutane ake yi da su ba?

Idan an sa sharaɗi, saye ne, kuma zunubi ne. Yesu ya warkar da kutare goma, tara ba su dawo ba, bai karɓe warkarwar ba. Asibitin Vom, da Jankwano a nan Jos, da asibitin ido na ECWA a Kano, duk wanda ya zo dubawa ake yi, ba a tambayar addininsa kafin a ba shi magani. Haka ya kamata kowace rijiyar da muka haƙa ta zama.

Ina jin kira in tafi. Daga ina zan fara? Mu da ba za mu tafi ba kuma fa?

Fara da fastonka da dattawa. Bulus da Barnaba ba su aiki kansu ba, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi ta ɗora musu hannu. Nemi horo: akwai makarantun tauhidi irin su JETS a Jos, TCNN a Bukuru, da ta Gindiri. Koyi sana'ar hannu, noma ko duba dabbobi ko aikin lafiya ko koyarwa, domin Bulus ma ɗinkin tanti ya yi. Idan ka isa, sarkin gari ko mai unguwa ko arɗo za ka fara gaisarwa. Watannin farko na koyon harshe ne da gaisuwa da zuwa suna da jana'iza. Ci abin da aka sa a gabanka. Ka yi tambaya fiye da yadda kake ba da amsa, matambayi ba ya ɓata. Kada ka ɗauki hoton sabon mai bi ka sa a Facebook don masu tallafi su gani, kana iya jawo masa kora daga gida ko abin da ya fi haka. In kana da iyali, matarka ta ji kiran ita ma da kanta kafin a ɗaura kaya.

Mu da muka rage a gida, nauyinmu ba ya ƙarewa da baikon shekara. Abin da ya fi dawo da masu bishara gari shi ne kuɗin makarantar yara, da rashin lafiya a wurin da babu asibiti kusa, da jin cewa an manta da su. A biya su a kan lokaci. A gyara musu babur kafin damina. Gidan da ke da ɗaki a Jos ya karɓi ɗan mai bishara ya yi sakandare. A ajinmu mun raba iyalan da ikilisiyarmu take tallafa wa, kowane gida ya ɗauki ɗaya: yana kiransu a waya ranar Lahadi da yamma, bayan girbi kuma wani daga gidan yakan je ya kwana biyu a wurinsu.